La'adar da Aka Ɓoye

Ranar da aka rufe shafin kasuwancin yayata, ina zaune a tsakar gida da kofin koko a hannu. Na buɗe waya kamar yadda na saba kowace safiya domin in amsa saƙonnin masu neman atamfa da turaren wuta, sai na tarar da 'yar gajeriyar sanarwa cikin Turanci, wai an dakatar da shafin saboda ya saɓa wa ƙa'idojin dandalin. Wahalar shekara uku ta tafi a dare ɗaya: hotunan kaya, sunayen abokan ciniki, cinikin da aka fara ba a ƙarasa ba, har da hirarrakin da ke nuna wa muke bi bashi da kuma nawa. Yaya tana ɗaki tana ɗura turare a kwalabe. Na daɗe ban shiga na sanar da ita ba, domin na san abin da za ta tambaya, na kuma san amsar a wuyana take.

Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Bayan ta fita takaba ta sayar da sarƙarta ta zinariya ta yi jari, tana saro atamfa da leshi a Kantin Kwari, tana haɗa turare da hannunta. Ni kuwa da yake ni ne auta, kuma ni ne ɗan jami'ar gidan, sai aka damƙa mini kula da shafin. A watanni shida na ƙarshe kafin a rufe shi na aikata abubuwa uku. Na farko, na shirya gasar kyauta, na ce duk mai son shiga ƙuri'ar cin turmin atamfa sai ya liƙa sunayen abokansa goma a ƙarƙashin hoton, ya kuma yaɗa shi a nasa shafin. Da ranar ƙuri'a ta zo sai na fitar da sunan wata 'yar ƙanwar mahaifiyarmu, aka ɗauki hotonta riƙe da atamfar, atamfar kuma ta koma cikin kaya. Na biyu, na sayi mabiya dubu biyar daga wani da ban taɓa ganin fuskarsa ba, mabiyan da babu mai rai ko ɗaya a cikinsu. Na uku, na biya wata budurwa mai tarin mabiya ta fito a bidiyo ta ce da kuɗinta ta sayi wani man shafawa a wurinmu, kuma wata uku ke nan tana amfani da shi. Ko murfinsa ba ta taɓa buɗewa ba. Yaya ta san da gasar, amma ba ta san yadda aka ci ta ba. Sau ɗaya ta taɓa tambayata, “Auta, wannan abin naku babu algus a ciki kuwa?” Na ce mata, “Yaya, ai haka kowa yake yi.”

Tun daga wannan safiya nake juya tambayoyi biyu a raina. Me ya sa mutumin da ba zai iya ɗaukar allurar wani a kasuwa ba yake iya karya ƙa'idar talla a waya, ko gabansa bai faɗi ba? Sannan ƙa'idar da wani kamfani ya rubuta a wata ƙasa mai nisa, shin tana da wani nauyi a wuyan ɗan kasuwar Kano, ko kuwa tsoron kamu ne kaɗai dalilin bin ta? Ba na so in amsa su da gaggawa, domin na taɓa gamsar da kaina da amsa mai sauƙi, ita ce kuwa ta kai mu inda muka tsinci kanmu.

Dalili na farko da masu talla ke kawowa shi ne rashin sani, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Ƙa'idojin nan dogaye ne, an rubuta su da Turancin lauyoyi, mutum yakan danna alamar amincewa ne kawai ya wuce. Mutane da yawa ba su san cewa Facebook ya hana mai shirya gasa ya sharɗanta wa jama'a yaɗa tallarsa a shafukansu na ƙashin kai, ko liƙa sunayen abokansu, kafin su shiga ƙuri'a ba. Ba su san ana buƙatar mai gasar ya bayyana sharuɗɗanta a fili, ya kuma faɗa cewa dandalin ba shi da hannu a ciki ba. Haka nan Instagram ya tanadi wata alama da mai talla zai sa domin a san an biya shi, amma da yawa ba su taɓa taɓa ta ba. Matar da ke sayar da dambun nama daga ɗakinta, ta ga maƙwabciyarta ta yi gasa ta samu ciniki ita ma ta kwaikwaya, ba zan kira ta maha'inciya ba. Sai dai ni ba zan iya fakewa da wannan uzuri ba. Na karanta ƙa'idojin tun kafin gasar, na gane su sarai, na kau da kai.

Dalili na biyu shi ne matsi, kuma shi ya fi ƙarfi. Shafin kasuwanci kamar rumfa ce a kasuwar da mai ita yake zaɓar wanda za a ji muryarsa. Akwai lissafin na'ura da ke tace abin da zai bayyana a gaban kowane mai waya, kuma lissafin yana fifita abin da aka fi yin tsokaci a kansa, aka fi yaɗawa. A watan Janairun 2018 Mark Zuckerberg ya sanar cewa Facebook zai riƙa gabatar da saƙonnin dangi da abokai a kan na kamfanoni da shafukan kasuwanci. Ma'anar wannan ga ƙaramin ɗan kasuwa ita ce, ko da mutum dubu ne suke bin shafinsa, kaɗan ne daga cikinsu za su ga kayansa, sai fa in ya biya kuɗin talla. Wanda ba shi da kuɗin biya sai ya nemi dabarar da za ta sa na'ura ta ɗauka ana rububinsa, wato ya roƙi tsokaci, ya sayi mabiya, ya sa kyauta a matsayin tarko. Kamfanin ya san da wannan, shi ya sa tun a Disambar 2017 ya ce zai riƙa danne saƙonnin da ke roƙon a danna ko a yaɗa. A ƙasarmu kuma, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni na shekarar, farashin kaya ya yi tashin gwauron zabi, masu saye suka ragu, masu sayarwa suka ƙaru. A irin wannan hali ne na zauna na lissafa kuɗin makarantar yara huɗu, na dubi ƙa'ida, na ga kamar ita ce ta fi sauƙin karyawa.

Dalili na uku shi ne wanda na faɗa wa Yaya: kowa yana yi, kuma kaɗan ake kamawa. Mai talla yakan auna riba da hatsari kamar yadda direba ke auna shiga hannun da ba nasa ba in ya ga babu jami'i a mararraba. Ribar tana nan kusa, ana ganinta a yau. Hukuncin yana can nesa, wataƙila ya zo, wataƙila kada ya zo. Abin da ya fi ciwo shi ne, wanda ya tsaya kan ƙa'ida yana kallon abokin gasarsa da ya karya ta yana tara jama'a. A nan gaskiya takan zama kamar harajin da mai gaskiya kaɗai ke biya, kuma ba kowace zuciya ke jure wannan ba.

Dalili na huɗu ba a cika faɗarsa ba, amma ina jin shi ne tushen sauran. A kasuwa, mai saye yana tsaye a gabanka. Kana ganin furfurarsa, kana ganin yadda yake kwance bakin zane ko yake lalube a aljihu, wataƙila ma ka san mahaifinsa. A waya kuwa mutum yakan koma lamba. Aflatun ya kawo labarin wani makiyayi da ya tsinci zoben da ke ɓatar da shi daga idon mutane, ya yi amfani da labarin wajen tambayar ko akwai wanda zai ci gaba da adalci in ya tabbata ba a ganinsa. Mu ma muna da labarin layar zana. Waya ta ba kowane ɗan kasuwa irin wannan laya, sai dai tata ta fi ta labari illa, domin ba ɓoye ka kaɗai take yi ba, har wanda kake cuta takan ɓoye maka shi. Lokacin da nake fitar da sunan 'yar'uwarmu a ƙuri'a, ban ji kamar na cuci kowa ba. Ɗaruruwan matan da suka ƙona datarsu, suka dami ƙawayensu da liƙe-liƙen suna, suka kwana da fatan turmin atamfa, ban ga ko ɗayarsu ba. Sunaye kawai na gani suna gangarowa a fuskar waya.

To, yanzu ga hujjar da na daɗe ina kare kaina da ita, kuma ba zan raina ta ba domin ba ta banza ba ce. Waɗannan ƙa'idoji ba majalisa ce ta yi su ba, ba kuma sarkin kasuwa da dattawan 'yan kasuwa suka zauna suka amince da su ba. Kamfani ne mai neman riba ya rubuta su, yana canza su duk lokacin da ya ga dama. Kafin watan Agustan 2013, Facebook ba ya yarda a gudanar da gasa kai tsaye a shafi sai ta wata manhaja ta daban; a watan ne ya sassauta, abin da jiya laifi ne yau ya halasta. Idan abu yana iya zama laifi da safe ya daina zama laifi da yamma saboda shawarar wasu ma'aikata a ofis, yaya za a ce karya shi zunubi ne? Haka kuma ba a rasa ƙamshin son kai a wasu daga cikin ƙa'idojin: duk hanyar da ɗan kasuwa zai bi ya kai ga jama'a kyauta, hanya ce da ke rage wa mai dandali kuɗin talla. Na kan ce wa kaina, ni da nake neman na tuwo, me zai sa in tsare wa attajiri aljihunsa?

Na ɗauki lokaci kafin in gane inda wannan hujja ta karkace. Ta tara ƙa'idoji iri biyu ta zuba a ƙwarya ɗaya. Akwai ƙa'idar da ke tsare amfanin mai rumfa, akwai kuma wadda ke tsare haƙƙin mai saye. Ta farko nauyinta nauyin alkawari ne: na shiga rumfar mutum bisa sharaɗi, na ce na yarda, don haka saɓa masa saɓa alkawari ne, ko da sharaɗin bai yi mini daɗi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ana iya jayayya a kansa, ana iya cewa sharaɗin ya yi tsauri, ana iya neman a canza shi. Ta biyu kuwa ba kamfani ne ya ƙirƙiro ta ba, tarar da ita ya yi. Kada ka ce za ka ba da kyauta alhali ba za ka bayar ba. Kada ka tara taron bogi domin a ɗauka ana rububin kayanka. Kada ka sa a yi maka shaidar zur. Ko da duk kamfanonin duniya sun goge waɗannan daga takardunsu gobe, suna nan daram, domin tun kafin a ƙera waya kakanninmu suke hukunci da su. Dabarar da na yi wa kaina ita ce, na ari raunin ƙa'ida ta farko na lulluɓe karya ta biyu da shi.

Mu dubi dillali. Tun zamanin da aka kafa Kasuwar Kurmi, a mulkin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa cikin ƙarni na 15, ciniki a ƙasar Hausa bai rabu da mai shiga tsakani ba. Dillalin shanu yana yabon sa, dillaliya tana shiga gida-gida da ƙullin zannuwa tana koɗa su a gaban matan kulle. Babu wanda ya taɓa cewa sana'arsu ha'inci ce, alhali kowa ya san yabonsu na neman kuɗi ne. Dalili shi ne la'adarsu a fili take. Mai saye ya san wannan bakin an jiƙa shi, sai ya saurari yabon ya rage masa kaso, ya sa nasa idon. Sanin cewa akwai la'ada shi ne ma'aunin da mai saye ke auna magana da shi. Abin da na biya budurwar nan ta yi shi ne ta ci la'ada ta kuma sa rigar ƙawa. Masu kallonta ba su rage wa maganarta komai ba, domin sun ɗauka shawarar 'yar'uwa ce. Ba man shafawa na sayar musu ba tukuna. Abin da na fara yi shi ne na sace musu ma'auni.

Haka sayen mabiya. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan najashu, wato mutum ya riƙa ƙara tayi a kan kaya ba don yana son saye ba, sai don ya ruɗi mai saye na gaskiya ya ɗauka kayan suna da daraja, kuma sun haramta shi. Mabiya dubu biyar da na saya 'yan najashu ne da aka ƙera da na'ura. Aikinsu ɗaya ne: su tsaya a bakin rumfa domin mai wucewa ya ce ruwa ba ya tsami banza, tun da aka taru a nan akwai abin kirki. Kayan aikin ne sabo, laifin tsoho ne.

Hatsarin wannan hanya hawa-hawa ne, kuma wanda aka fi tsoro shi ne mafi sauƙi. Akwai hatsarin doka. A Amurka, a shekarar 2016, hukumar kula da ciniki ta tarayya ta kama kamfanin tufafi na Lord & Taylor da laifin ba mata hamsin masu tarin mabiya riga iri ɗaya da kuɗi domin su sa hotonta a Instagram, ba tare da an bayyana cewa talla ce ba. A watan Oktoban 2022 Kim Kardashian ta amince ta biya dala miliyan 1.26 ga hukumar kula da hannayen jari ta ƙasar, saboda ta tallata wani kuɗin intanet ba ta bayyana dala 250,000 da aka biya ta ba. A shekarar 2024 kuma hukumar cinikin ta fitar da doka da ta haramta shaidar bogi da sayen mabiyan ƙarya. A Nijeriya, dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON a madadin APCON ta shafi tallace-tallacen intanet, kuma NAFDAC tana buƙatar a yi wa magani da kayan shafe-shafe rajista, a kuma nemi izininta kafin a tallata su. Ƙaramin ɗan kasuwa yana iya cewa hukuma ba za ta waiwaye shi ba. Wataƙila haka ne a yau, amma abin da aka sa a intanet ba ya ruɓewa, kuma rana dubu ta ɓarawo ce, rana ɗaya ta mai kaya.

Sai hatsarin rasa rumfa, wanda shi ne ya same mu. Mai shafi yakan manta cewa ɗan haya ne, kuma hayar da babu takarda, babu wa'adin tashi. Mun ga alamar haka a ranar 4 ga Oktoban 2021, lokacin da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke na kusan awa shida, ciniki ya tsaya cik a gidaje da yawa. Mun gani kuma lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Wanda duk dukiyarsa ke cikin rumfar aro, sannan ya riƙa tsokanar mai rumfar, ya ɗora abincin iyalinsa a kan caca.

Hatsari na uku ya wuce kan mai laifi ya faɗa kan kasuwa gaba ɗaya. Masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya yi bayani a wata maƙala ta 1970 da misalin cinikin tsofaffin motoci: idan mai saye ba zai iya bambance mai kyau da mai aibi ba, sai ya ƙi biyan farashin mai kyau, masu kaya na kirki su janye, kasuwa ta rage wa masu aibi. Mun ga irin wannan da idonmu. MMM ta yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, kuma ba allunan talla suka yaɗa ta ba. 'Yan'uwa da abokai ne, waɗanda ake ba lada in sun kawo wani. Da ta rufe asusun jama'a a Disambar 2016, kuɗi sun salwanta, amma tare da su an yi asarar wani abu da ya fi kuɗi wuyar dawowa, wato yardar da ƙane ke yi wa maganar wansa. Yau in mace ta ga shaidar yabo a ƙarƙashin hoton kaya, abin da ke fara zuwa ranta shi ne, nawa aka biya wannan? Mai gaskiya da maƙaryaci duk zargi ɗaya ya rufe su. Kowane ɗayanmu da ya ce haka kowa yake yi, ya ɗebi guga ɗaya ne daga rijiyar da dukanmu ke sha, ya zuba ƙasa a madadinsa.

Na huɗu shi ne wanda ban taɓa sawa a lissafi ba, shi ne kuma ya zo har ƙofar gida. Kwana tara bayan rufe shafin, wata Hajiya ta yi sallama. Tsohuwar abokiyar cinikin Yaya ce, tun lokacin da ake kai mata turare a leda. Tana tare da 'yarta, wadda saura mako uku a ɗaura mata aure, ta rufe fuska da mayafi. Da ta yaye sai na sunkuyar da kai. Kumatunta sun yi ja sun saɓule, goshinta duk ƙuraje. Man nan ne. Wani ɗan sari ya kawo mana shi da araha, babu lambar NAFDAC a jikinsa, ni kuma ban tambaya ba, ko da yake na sha jin cewa irin waɗannan mayuka sukan ƙunshi sinadaran da ke ƙona fata, wasu har su taɓa ƙoda. Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi Yaya ta ce, “'Yar nan, ni ba wannan yarinyar ta bidiyo na yarda da ita ba. Da na ga a wurinki aka saya, sai na ce wa 'yata ta shafa, ba komai.” A nan na gane jarin da na yi caca da shi. Ba shafi ba ne, ba mabiya ba ne. Sunan yayata ne, wanda ta gina da kwalba ɗaya-ɗaya tun tana cikin baƙin cikin rashin miji.

Bayan sun tafi na gaya wa Yaya komai, har da zancen ƙuri'a. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, “Auta, da yunwa ka bar mu da ita, da ta fi mini sauƙi.” Ba ta ƙara ba. Washegari ta kai yarinyar wurin likitan fata ta biya kuɗin magani daga cikin jarinta. Ta tattara sauran man ta hana a sayar. Ta sa na nemo lambobin duk wanda muka tuna ya saya, ta kira su ɗaya bayan ɗaya da bakinta, tana cewa su daina shafawa su zo su karɓi kuɗinsu. Turmin atamfar nan kuma ta ce ba namu ba ne tun ranar da aka yi alkawarinsa. Da yake sunayen masu gasar sun tafi tare da shafin, sai ta bayar da shi sadaka. Na ce mata wannan kiran zai kashe kasuwar gaba ɗaya. Ta ce in ta mutu a kan gaskiya, ta san inda za ta tono ta.

Ba zan ce gaskiya ta biya nan take ba, domin ba haka aka yi ba. Wasu sun karɓi kuɗinsu ba su sake dawowa ba. Sabon shafin da muka buɗe har yau bai kai rabin tsohon ba, kuma waɗanda muka fara tare da su, masu gasar bogi da mabiyan saye, da yawansu suna nan suna ciniki, babu abin da ya same su. Wanda zai bi ƙa'ida don yana jiran riba ta ninku, gara ya san cewa ba kullum take ninkuwa ba. Haka nan ban janye ƙorafina a kan masu dandali ba: ya kamata su rubuta ƙa'idojinsu da harsunan mutanen da suke cin kuɗinsu, su yi gargaɗi kafin hukunci, su buɗe ƙofar da ƙaramin ɗan kasuwa zai kai kuka a saurare shi. Hukumominmu ma aikinsu bai ƙare a kafa doka ba, sai sun kai ta kunnen mai sayar da turare a lungu da harshen da take ji. Amma laifin mai rumfa ba ya wanke ɗan haya daga abin da ya yi wa mai saye.

Amsar da na samu ga tambayoyina ita ce wannan. Muna karya ƙa'idar talla ne saboda matsi gaskiya ne, kamu ba tabbas ba ne, kuma waya ta ɓoye mana fuskar wanda abin zai faɗa wa. Nauyin ƙa'idar kuwa ba daga hannun wanda ya rubuta ta yake zuwa ba, daga wanda take karewa yake zuwa. Saboda haka yanzu, kafin in sa kowace talla, nakan yi wa kaina gwaji ɗaya: in da wadda za ta saya tana tsaye a tsakar gidanmu, ta ga yadda aka shirya wannan talla tun daga farko, ta san wa aka biya da nawa, shin za ta saya? In amsar ita ce sai an ɓoye mata wani abu, to na san abin da nake shirin yi, ko da babu kamfanin da ya hana.

Makon jiya wata yarinya mai mabiya ta zo karɓar turaren da za ta tallata mana. Yaya ta ba ta kwalba biyu, ta ce ta je ta turara ɗakinta na mako guda tukuna, in bai yi mata ba ta dawo da shi. Sannan ta juyo gare ni ta ce, “Auta, ka tabbata ta faɗa a farkon bidiyon cewa mun biya ta. Da Hausa za ta faɗa, yadda kowa zai ji.”